Tsohon Jirgi a Bakin Tafkin Tabalak

Wanda bai san Adar ba, in ka ce masa ka tashi daga Tawa ka nufi arewa don cinikin jirgin ruwa, zai yi maka kallon mai zolaya. A tunanin yawancin mutane, da ka bar Tawa ta hanyar Agadas ba abin da ke gabanka sai dutse da rairayi da raƙuma. Amma akwai ruwa a can, akwai masunta, akwai kuma tsofaffin jirage kife a bakin gaɓa suna jiran mai saye. Ɗaya daga cikinsu ne ya taso ni daga Maraɗi a hunturun da ya wuce.

Ƙanena ne ya kira ni a waya, ɗan ƙanwar mahaifiyata. Shekara uku ya yi a Sabha ta Libiya yana leburancin gini, ya dawo da abin da bai kai kuɗin babur na kabu-kabu ba, ya kuma yi rantsuwa ba zai sake hawa bayan Hilux ya ratsa Tenere ba. A Adar wannan ba ƙaramar rantsuwa ba ce. Ƙasa ce ta cin rani tun kaka da kakanni: da an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai samari su watse, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Kamaru, wasu arewa. Yaron da ya ce zai zauna gida, dole ya nuna abin da zai ci.

"Yaya, na ga jirgi a Tabalak," in ji shi. "Tsoho ne, amma jika 30 mai shi ya ce."

Na ce masa ya ƙulle kuɗinsa har in iso. A raina na riga na yanke hukunci: araha ba ta ado, kuma zuwa zan yi in hana shi.

Na kwana a Tawa a gidan inna. Da safe, kafin mu je tasha, na ja shi muka biya wajen masu sayar da katako, don ina so ya ji farashi da kunnensa. Adar ba ta da itacen da za a tsaga a fitar da falanki mai tsawon jirgi. Gawo da aduwa da bagaruwa ne itatuwanta, su kuwa ba su ba da wannan. Duk katakon da ke Tawa daga kudu yake zuwa, mafi yawa ta Ƙonni. Mai shagon ya ce mana tun lokacin da aka rufe kan iyakar Ƙonni da Illelar Sakkwato, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, farashi ya hau, kuma da aka buɗe bai sauko inda yake dā ba. Ya nuna mana farin katako mai araha, ya nuna mana ja mai nauyi, ya ce shi jan ne ke jure ruwa, farin kuwa na tebur ne da bencin makaranta. Ƙanena ya rubuta farashin duka biyun a bayan hannunsa da biro. A nan na fara gane dalilin da ya sa tsohon jirgi ke da kasuwa a wannan ƙasa: sabo ya fi ƙarfin mai farawa.

Daga Tawa zuwa Tabalak kimanin kilomita 50 ne a kan godoron da ya wuce Abalak ya kai Agadas da Arlit, hanyar da aka shimfiɗa saboda yuraniyom. Motar ta cika maƙil, har da akuya biyu a sama. Gefen hanya tsaunuka ne masu shafaffen kai, baƙaƙen duwatsu zube a gindinsu, gonaki sun zama karan gero, ƙauyuka kuma ka fara hango rumbunansu kafin ɗakunansu, manyan rumbunan laka masu ciki kamar randa. Hazo ya rufe sama. Ina cikin gyangyaɗi sai na ji iskar da ke shigowa ta taga ta canja, ta yi sanyi ta ɗauko ƙarni. Na ɗaga kai, ga ruwa shimfiɗe, dogo, launin toka, ƙarshensa ya ɓace cikin hazo.

Tabalak gari ne da matafiya suka sani da kifi. Mota ba ta gama tsayawa ba ƴan mata sun kewaye ta da farantan soyayyar karfasa da ƙullin yaji. Hausa kake ji, ka ji Buzanci, ka ji Fillanci, duk a taku goma. Ba mu tsaya ba. Ƙanena ya yi gaba da sauri, na bi shi ta cikin lambunan albasa da tumatir da dankali, muka gangara gaɓa.

Jirgin na kife a inuwar wata bagaruwa. Taku bakwai na auna tsawonsa. Ƙasansa shafaffe ne, irin wanda ya dace da ruwa marar zurfi. Rana ta cinye launinsa ya koma fari-fari kamar ƙashi, tsakanin falanki da falanki ya buɗe har kana iya zura tsinke, a gefe guda kuma an yi masa faci da gwangwanin tumatir har wuri uku. Da ni kaɗai ne, da na juya. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: ba a ƙasa yake kwance ba, an ɗora shi bisa duwatsu huɗu.

Mai jirgin tsoho ne, yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce mahaifinsa daga wajen Argungu ya zo, lokacin da labari ya kai Kabi cewa wani tafki a arewacin Tawa ya daina ƙafewa. Ƴaƴansa maza biyu suna Abijan, babu mai sha'awar su a cikinsu, shi kuwa ba ya ganin raga yanzu balle ya ɗinke ta.

"Shekara biyu ke nan bai taɓa ruwa ba," in ji shi. "Amma ban bar gara ta ɗanɗana shi ba. Ku kira kafinta ya duba. In ya ce ya mutu, ku bar min abina in yi makamashi."

Kafintan da aka kira dattijo ne gajere, da guduma a hannu da wuƙa a kugu. Bai kalli facin gwangwanin ba, bai kalli tsagar da ta tayar min da hankali ba. Ya sa muka birkice jirgin, ya shiga ciki ya tsuguna, ya juya gudumar ya riƙa ƙwanƙwasa ƙasan da ƙotarta, taki ɗaya-ɗaya, daga goshi zuwa baya, kansa a karkace kamar mai sauraren maganar sirri. Ya yafito ƙanena.

"Zo nan, yaro. Kasa kunne."

Ya buga: ƙwas, ƙwas.

"Ka ji? Wannan yana amsawa."

Ya matsa baya, inda mai tuƙi ke tsayawa, ya buga. Sautin ya fito a dushe, kamar an bugi buhun dusa.

"Wannan ko ya daɗe da mutuwa."

Ya zaro wuƙa ya danna tsininta a wurin. Ta shige kamar cikin kabewa. Ya ɓanɓaro ɗan guntu ya murza da yatsa ya zama gari, ya kai hanci, ya miƙa min in sansana: warin rima ne, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Sa'an nan ya koma tsakiya ya danna wuƙar da ƙarfi, ta tsaya cak. Ya bi haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya, wato sandunan da ke riƙe da falankan ta ciki, yana girgiza kowanne. Biyu suka motsa. Ya nuna mana baƙin zobe da ya kewaye kan wasu ƙusoshi, ya ce tsatsa ce ta ci ƙusar ta kuma ci naman katakon da ke kewaye da ita, don haka ko ka sa sabuwar ƙusa a ramin ba za ta kama ba, sai an matsa gefe an huda sabo.

Na tambaye shi batun tsagar. Ya yi murmushi ya ce wannan ƙishirwa ce kawai. Katako in ya bushe yakan tsuke, in ya sha ruwa ya kumbura bakin ya haɗe. Abin da ke kashe jirgi ruɓa ce, ita kuwa ba a tsakiyar tafki take kama shi ba. Tana kama shi ne a gaɓa, in an bar ruwan sama ya kwanta a cikinsa, ya jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, ko in an yar da shi a ƙasa gara ta samu hanya. Duwatsu huɗun nan da kifewar da tsohon ya yi masa su suka cece shi.

Hukuncinsa bai faranta wa kowa rai gaba ɗaya ba. Ƙasan jirgin lafiya lau, ban da bayan. Falanki biyu na gefe sai an sauya, haƙarƙari biyu ma haka, bayan kuma a yanke a sa sabo. Sai ƙusa, sai kwalta da tsumman auduga na toshe tsaga, sai ladansa. Muka zauna a ƙasa muka yi lissafi da tsinke a kan rairayi. Da aka tara kuɗin saye da na gyara, abin ya doshi kashi biyu cikin uku na kuɗin sabon jirgi. Raga ba ta ciki, mamari ba ya ciki, takardar izinin su da ake yanka wajen ma'aikatan ruwa da gandun daji ita ma ba ta ciki. Jika 30 ɗin nan da ta ruɗi ƙanena ashe kuɗin shiga ƙofa ce kawai.

Na ce to ga shi nan, magana ta ƙare. Wa zai biya kashi biyu cikin uku ya karɓi abin da kafinta da kansa ya ce damina uku ko huɗu zai yi? Gara a ƙara haƙuri a tara a yi sabo. Har na kawo wata shawara da na taho da ita tun daga Maraɗi: in cika kuɗin, a ƙera sabo, a ba wani masunci haya, ƙanena ya zauna Tawa ya riƙa zuwa karɓar rabonsa.

Kafintan ya girgiza kai. "Alhaji, jirgin katako ba ya son mai shi ya yi nisa. Ɗan haya ba ya kwarfe ruwa da dare. Ba ya jan shi inuwa. In ƙusa ta ɗaga, sai ya ce gobe. Sabon da za ka ba haya zai riga wannan tsohon mutuwa, in dai yaron nan zai kwana kusa da shi." Ya juya ga ƙanena. "In kai za ka riƙe min falanki, ka dafa kwalta, ka buga ƙusa inda na nuna maka, na rage rabin ladana. Ran da ya yi yoyo a tsakiyar ruwa, ka san inda za ka sa hannu."

Wannan maganar ce ta karya min hujja, kuma har yau ina ganin gaskiyarta. Ni lissafin ɗan kasuwa na yi, na mai sayen kaya ya ajiye. A wannan lissafin tsohon jirgi asara ne, kuma duk mai zama birni da ke son sayen irinsa don ya ba haya, ina ba shi shawara ya bari. Amma ƙanena ba shi da kuɗin sabo, ba shi da sana'ar, abin da yake da shi hannu ne da lokaci. Kuɗin sabo a dunƙule ake biyansa, na gyara kuwa ana iya biyansa falanki-falanki. Kuma wanda zai koyi tuƙi dole ya daki kututture, dole ya ja jirgi bisa dutse. Gara ya koya a kan wanda ba zai yi masa kuka ba.

Sai ƙanena ya ɓata rawarsa da tsalle. Cikin murna ya ce ai ranar kasuwa ma yana iya ƙetarar da mutanen ƙauyukan hayi, ya samu na cefane. Fuskar tsohon ta canja nan take.

"Ɗana, in don wannan kake so, ban sayar ba. Jirgin mutum biyu ne da raga. Kai ka iya iyo, matar da za ta shigo da goyo ba ta iya ba."

Na goyi bayansa da dukkan zuciyata, don abin da ya faru a 2021 bai bar raina ba. A watan Mayu na shekarar, kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kabi, jirgin katako ya tarwatse a kogin Kwara ɗauke da mutum fiye da 100. Ranar 30 ga Nuwamba kuma, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, wani ya kife da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu yara. Tafkin Tabalak ba Kwara ba ne, amma in iskar hunturu ta taso yana yin igiyar da ta isa ta cika jirgin da aka danne da kaya, kuma laka da ke ƙasansa tana riƙe ƙafa. Na sa ƙanena ya yi alkawari a gaban dattawan biyu, ya yi.

Aka daidaita a kan jika 25, da sharaɗin da kafinta ya kawo: ba za a biya ko dala ba sai an nutsar da jirgin kwana uku an ga abin da ruwa zai ce. Muka ja shi mu shida zuwa inda ruwa ya kai gwiwa, muka cika shi, muka danne da duwatsun nan huɗu.

Kwanakin jiran su suka nuna min tafkin. Asubar farko wani masunci ya ɗauke ni duba raga. Sanyi na yanka kunne. Yana tsaye a baya yana tura jirgin da doguwar sanda, kuma ko da muka yi nisa har gari ya koma ɗan duhu-duhu, sandar ba ta daina taɓa ƙasa ba. Kirinjijiya suka tashi garke guda suna fito, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ga wasu ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ya ce baƙi ne, da sanyi kaɗai ake ganinsu. Daga Turai suke zuwa, kuma suna cikin dalilan da suka sa a 2005 aka shigar da Tabalak, tare da tafkin Ɗan Dutsi na nan jihar Tawa, cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Ya jawo ragar a hankali yana ninkewa a gabansa. Karfasa ce mafi yawa, wasu ba su wuce tafin hannu ba, sai tarwaɗa huɗu masu santsi suna ta bugun ƙasan jirgi. Na tambaye shi giwan ruwa. Ya ce ana samu, amma ba kamar dā ba. Duk bayan ɗan lokaci sai ya sunkuya ya kwarfe ruwa da ƙoƙo ba tare da ya duba ba, kamar mai korar ƙuda.

Da ya ciro sandar ya nuna min bakinta: laka ja, kusan kamu guda. Ya ce wannan ƙasar tudu ce. Kowace damina ƙoramu na kwaso rairayi da laka daga tsaunukan da suka yi sanƙo suna juyewa a tafkin, ciki na cikewa, ruwan na faɗaɗa yana rasa zurfi, rana kuma ta fi saurin shanye shi. Da bazara gaɓa kan ja baya sosai, masu lambu su bi ta da shuka, garken Fulani da na Buzaye su sauko sha, masunta su taru a ɗan abin da ya rage. Na tuna Keita, can kudu maso gabas, inda tun 1984 aka yi aikin farfaɗo da ƙasa da tallafin Italiya da hukumar FAO, aka jera duwatsu a gangare, aka haƙa ramukan tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin saboda mazan suna cin rani. Irin wannan aikin tudun da ke kewaye da Tabalak ke nema, da yawa, ba tare da tsayawa ba. Tun ina cikin jirgin nan tambayata ta sauya. Dā ina tambayar ko jirgin zai kai damina huɗu. Yanzu na koma tunanin yadda ruwan zai kasance in yaron ya tashi yin sabo. Wannan ma ya ƙara min nutsuwa da tsohon: bai kamata mai farawa ya zuba duk abin da ya mallaka a tafkin da bai gama sani ba.

Da dare muna kwana a zauren tsohon. Shi da ƙanena sukan raba dare suna magana, ni ina jin su daga cikin bargo. Yana faɗa masa inda kututturan tsofaffin itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa wajen Kehehe, masu yaga raga, tun zamanin da wurin yake kurmi. Yana faɗa masa ya je ya gai da Sarkin Ruwa kafin ya jiƙa raga, ya kiyaye watannin da akan rufe su bayan an zuba ƴaƴan kifi, kada kuma ya sayi raga mai ƙananan ido ko da an ba shi kyauta. Ba a sa wannan cikin ciniki ba, ba kuma a wajen mai ƙera sabo zai same shi ba.

Rana ta uku da hantsi muka cire duwatsun, muka kwarfe ruwan da bokiti, muka bar jirgin yana shawagi. Katakon ya yi duhu, ya yi nauyi. Na nemi tsagar da na zura wa tsinke, ban gan ta ba. Kafintan ya hana kowa magana, ya tsuguna a ciki yana kallon ƙasan. Tsakiya ya zauna a bushe. A baya, inda wuƙa ta shige, ruwa ya fara tsattsafowa, sai kuma wani siririn zare ya ɓullo ta gindin haƙarƙari na uku, wurin da bai ambata ba a ranar farko. Ya ciro gawayi daga aljihu ya zagaye wurin.

"Wannan ban gan shi ba," in ji shi. "Ƙara rabin falanki."

Ƙanena ya ƙirga jika 25 ya sa a hannun tsohon, tsohon ya shafa takardun ɗaya-ɗaya ya sa albarka. Ni kuma na karɓi awon da kafinta ya yi da igiya, ƙulli uku, na ce falankan suna wuyana, ja ba fari ba. Na bar su suna jan jirgin zuwa inuwa, ƙanena ya riga ya tafi neman tsohuwar garwa ta dafa kwalta. A bakin godoro na sayi karfasa biyar na tsarabar inna, aka naɗe min a takardar siminti, na tsaya jiran motar Abalak mai zuwa Tawa, igiyar awon tana aljihun gaban rigata.